Sanyin dusar ƙanƙara ba ɗarin Damagaram ba ne

Da an kai gero rumbu a ƙasar Damagaram, sai tashoshin mota su cika da 'yan ci-rani. Wasu su yi kudu, wasu kuwa su bi ta Tanut da Agadas da Arlit, su tsallaka Assamaka zuwa Aljeriya, har da masu zarcewa Maroko. Ga kuma ɗalibanmu da ke komawa karatu can. Abin da ke damuna, a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, shi ne lokacin tafiyar. Ana barin gida a Oktoba ko Nuwamba, muna tsakiyar zafin kaka, mutum daga shi sai 'yar riga da silifa. A daidai wannan lokaci ne kuma sanyi yake kankama a duwatsun arewacin Afirka. Dusar ƙanƙara ta fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, amma akwai shekarun da take riga lokacinta, ta lulluɓe kan duwatsun Atlas tun Oktoba bai ƙare ba. Ta farkon nan ta fi kama baƙo, domin tana samun sa bai sayi bargo ba, bai samu ɗakin kwana ba, kuɗin guzuri kuma sun ƙare a hanya.

Ƙishirwar wannan hanya kowa ya san ta. Mutanen Kance da Matamaye ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a cikin sahara kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara. Tun daga nan ba mai tafiya ba jarkar ruwa. Amma maganar sanyi ba a cika yin ta ba, sai dai a turo bidiyo a WhatsApp, yaro yana dunƙula farin abu a hannu yana dariya, mutanen gida su ce kai, wane ya shiga ƙasar Turawa.

Ba sai an je Turai ba. Tsawon wuri ne ke kawo sanyi: duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Birnin Damagaram bai kai mita 500 daga teku ba. Tamanraset, a kudancin Aljeriya, ta haura mita 1,300, kuma duwatsun Hoggar da ke bayanta sun kai kusan mita 2,900 a ƙololuwar Tahat. Dutsen Tubkal na Maroko mita 4,167 ne. A garin Ifran, cikin duwatsun Maroko, aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, a Fabrairun 1935. Garuruwan Aljeriya irin su Setif da Batna da Jelfa, inda mutanenmu ke aikin gini da gona, duk a kan tudu suke, dusar ƙanƙara kuma ba baƙuwarsu ba ce. Har Ain Sefra, da ke bakin sahara, ta ga dusar ta rufe tuddan yashinta a Disambar 2016 da Janairun 2018. Ko nan gida Nijar, wanda ya taɓa kwana a duwatsun Bagzan, inda ƙasarmu ta fi tsawo da mita 2,022, ya san ruwa kan wayi gari da ƙanƙara a kansa a tsakiyar hunturu.

Wani zai ce ai mu ma mun san ɗari. Mun san shi, amma namu busasshe ne. Jaura ta fasa maka leɓe da dunduniya, hantsi ya yi ka fito rana ka ware. Dusar ƙanƙara kuwa sauka take a hankali, ta zauna a kafaɗa da kai, ɗumin jikinka ya narkar da ita, ta jiƙa tufafi har fata. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen ninki 25. Shi ya sa mutum mai jiƙaƙƙiyar riga, ga iska tana kaɗawa, zai iya mutuwa ko da sanyin bai kai na daskarar da ruwa ba.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, an shiga hatsari. Da farko makyarkyata ce, haƙora na haɗuwa, hannu ya kasa ɗaura igiyar wando. Daga nan sai magana ta fara harɗewa, tafiya ta zama tangaɗi, mutum ya riƙa shirme. Abin da ya fi ruɗin jama'a shi ne daina rawar ɗari. Ana ganin ya daina sai a ce ya samu sauƙi, alhali jikin ne ya gaji da kare kansa. Wani ma har ya fara tuɓe riga yana cewa zafi yake ji. In ya ce a bar shi ya ɗan rintsa a waje, kada a bar shi.

A shigar da shi inda babu iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a shimfiɗa kwali ko buhu a ƙarƙashinsa, don ƙasa da siminti suna shan ɗumin jiki ƙwarai. A rufe kai da wuya da ƙirji tukuna, hannu da ƙafa su biyo baya. In babu bargo isasshe, ɗan uwansa ya shiga mayafi ɗaya da shi, jiki da jiki. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai sukari ko kunu mai ɗumi. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai. Kada a jijjiga shi ko a yi ta murza masa gaɓoɓi, zuciyar da ta yi sanyi ba ta son wuya. Giya kuwa yaudara ce, tana sa a ji ɗumi a fata alhali zafin ficewa yake yi. Tramol ma, da samarinmu ke sha wai don ƙarfin aiki, yana dushe ji ya kawo barci, barcin da a irin wannan sanyi ba lalle a farka ba.

Na taɓa duba ƙafar wani saurayi da ya dawo daga arewa. Da ya zare safa, yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, sun bushe sun motse, iyakar mataccen nama da mai rai a fili kamar an ja layi. Ya ce ranar da abin ya faru bai ji zafi ba ko kaɗan, yatsun fari suka yi, suka yi tauri. Da dare ya kara su a wuta, bai san suna ƙonewa ba tunda ba sa ji. Naman da sanyi ya daskarar ba a kara shi a wuta, ba a kuma murza shi. Ruwa mai ɗumi ake sa shi, digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki ba ƙuna, har fatar ta yi laushi jini ya dawo. Akwai raɗaɗi sosai a lokacin, a daure. In kuwa za a sake fita cikin sanyin a ci gaba da tafiya, gara a bar narkarwar sai an isa masauki, don daskarewa ta biyu ta fi ta farko ɓarna. Kada a fasa bororon da ya fito, a nemi likita.

Amma wanda ya fi ɗaukar rai a ɓoye shi ne gawayi. Mutum shida ko bakwai a ɗaki ɗaya, a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon gawayi ko a kunna murhun gas, a ja ƙofa a kwanta. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Gawayin da ya yi ja, hayaƙinsa ya ɗauke, shi ne mutane ke cewa ya nuna ba shi da illa, alhali yana nan yana fitar da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kuma ta kama kowa a ɗakin lokaci guda. In kun ga haka kada ku tsaya zargin abincin dare ko iskokai. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a kira agaji. A Aljeriya lambar 'yan kwana-kwana da agajin gaggawa 14 ce, kuma duk hunturu sai sun sanar da mutanen da wannan guba ta kashe, har da 'yan ƙasar masu gidaje na zamani. Na san tsoron da ke hana mutanenmu kira: ba takardu, kada a kama su a maido su. Ina ganin dawowa gida da rai da yatsu goma ya fi.

Maido mutanen ma akwai nasa sanyin. Waɗanda ake saukewa a kan iyaka suna taka wajen kilomita 15 a ƙasa kafin su isa Assamaka, daren sahara kuwa a Disamba da Janairu ba ya wasa.

Masu tafiya da goyo, ku na fi ji. Jariri ba ya makyarkyata irin ta babba, shiru yake yi, ya ƙi nono, jikinsa ya yi sanyi. Goyon baya a irin wannan wuri yana barin kansa da ƙafafunsa a iska. A maido shi ƙirji, fata da fata, a sa masa hula da safa, uwa ta rufa da shi cikin rigarta. Zama da yaro a bakin titi kan siminti tun safe har dare, wannan kam ba ni da wata dabara da zan bayar wadda za ta sa ya zama lafiya.

Wata dattijuwa ta tare ni bayan awon yara, ɗanta yana can wajen Setif. Ta ce, "Ɗiyata, ni da ban taɓa wuce Tanut ba, me zan yi masa daga nan?" Na ce, "Inna, in ya bugo waya kada ki tsaya a gaisuwa da zancen aike. Tambaye shi a kan me yake kwana, takalminsa rufaffe ne, da me suke ɗumama ɗaki, kuma suna fitar da wutar kafin barci? In ya ce ba shi da bargo, ki ce kuɗin wannan wata ya riƙe ya saya." Ta yi dariya ta ce wannan ta ƙarshen ce mai wuya. Gaskiyarta, gida ma jira ake, amma bargo bai kai kuɗin yanke yatsa ba.

Wanda bai tashi ba tukuna, ya biya ta wurin masu gwanjo a kasuwar Dole kafin tasha. Riga uku marasa kauri, wata kan wata, sun fi ƙatuwa ɗaya riƙe ɗumi. Ta saman ta kasance wadda ruwa ba ya ratsawa. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa ƙafa biyu ko uku don a samu ta canji, da rufaffen takalmi wanda bai matse ba, tunda matsi yana hana jini zagawa. In takalmin yana shan ruwa, a sa leda a kan safa, da dare a cire ƙafar ta sha iska. A riƙa cin abinci ko gayan burodi da shayi ne, da shi jiki ke yin ɗumi.

Zancen kasko ya shafe mu nan gida ma. Hunturu na tafe, kuma a Birni da Zango da Kara-Kara za a fara shiga da gawayi ɗakin mai jego da na tsofaffi. A ɗumama ɗakin ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara mayafi. Wanda kuma ɗansa ya dawo daga arewa yana ɗingishi ko yana ɓoye hannu a aljihu, a kawo shi likita mu duba, kada a tsaya shafa man kaɗanya har nama ya fara wari.