Kid A: Faifan Radiohead da Ya Raba Kan Masu Sharhi

Kid A shi ne faifai na huɗu na Radiohead, ƙungiyar makaɗan rok ta mutum biyar da ta taso daga garin Abingdon a Ingila. Kamfanin Parlophone ya fitar da shi ranar 2 ga Oktoba, 2000, ɗauke da waƙoƙi goma masu tsawon kusan minti 50, kuma Nigel Godrich ne ya tsara sautinsa. Tun fitowarsa masoya ƙungiyar suke gardama a kansa, kuma tushen gardamar ɗaya ne: me ake kira waƙa a kiɗan rok?

Yadda aka yi shi

Faifansu na 1997, OK Computer, ya ɗaukaka su ƙwarai, amma yawon kiɗan da ya biyo baya ya gajiyar da mawaƙinsu Thom Yorke har rubutun waƙa ya gagare shi. Sai ya ajiye jita ya koma sauraron kiɗan na'ura irin na Aphex Twin da Autechre. An soma ɗaukar sauti a Faris a Janairun 1999, aka koma Kofanhagan, sannan Gloucestershire, aka ƙarasa a sutudiyonsu da ke yankin Oxford a Afrilun 2000. Kalmomin waƙoƙi da dama Yorke ya rubuta su a guntayen takardu, yana zaro su daga cikin hula yana jerawa. Shi ya sa mai neman labari a baitocin ba ya samu.

Ginin waƙoƙin

Waƙar rok da aka saba ji baiti ce da amshi, sai wani baiti, sai jita ta ɗauka ita kaɗai, sai amshi ya rufe, duka a kan bugu huɗu-huɗu. Yawancin waƙoƙin Kid A sun bar wannan tsari. Ana kafa ɗan gajeren zubi ɗaya yana maimaita kansa, a riƙa ɗora masa sauti ana cirewa. Ƙungiyar ta ambaci faifan Remain in Light na Talking Heads cikin abubuwan da suka yi mata tasiri, shi kuwa wancan faifan ya ɗebo irin wannan gini daga kiɗan Fela Kuti.

Waƙar farko, "Everything in Its Right Place", ita ce misali mafi kyau. Babu jita a gabanta, na'urar Prophet-5 ce ke ɗauke da ita, kuma kowane zagaye bugu goma ne. Mai ƙirga huɗu-huɗu zai ga ƙafarsa ta zame a ƙirga ta uku. Idan ya ƙirga huɗu, huɗu, biyu, sai komai ya zauna. Akwai sauti ɗaya a sama da ba ya motsi yayin da na ƙasa ke hawa, kuma wannan ne ke sa mai sauraro ya ji kamar an riƙe masa numfashi. Masu gwada ta a piyano sukan motsa wannan sautin na sama tare da sauran, nan take kuma waƙar ta rasa ɗanɗanonta. Muryar Yorke ma an yayyanka ta a kwamfuta aka watsa gutsattsarinta hagu da dama.

"The National Anthem" tana tafiya a kan zubin jitar bas guda ɗaya, wanda Yorke ya ƙirƙira tun yana ɗan shekara 16, kuma shi ya kaɗa shi a faifan, ba Colin Greenwood mai bas ɗin ƙungiyar ba. Zubin ba ya canzawa har ƙarshe. Masu busa takwas ne suke shigowa su hargitsa samansa, a salon jaz na Charles Mingus. Wanda ya biye wa masu busar zai ji hayaniya kawai, wanda ya kafa kunnensa a kan bas zai ji yadda hayaniyar ke kewaya ginshiƙi ɗaya.

"How to Disappear Completely" ta fi kusa da waƙar da aka saba, da jitar katako da murya fili. Jonny Greenwood, mai jitar Radiohead kuma ƙanen Colin, ya rubuta wa ƙungiyar Orchestra of St John's sashen goge, aka ɗauka a majami'ar Dorchester Abbey, ya kuma ƙara da ondes Martenot, tsohuwar na'urar kiɗa ta Faransa mai sauti kamar kuka daga nesa. A "Idioteque" kuwa Jonny ya miƙa wa Yorke gwajin kiɗa na minti 50, Yorke ya tsinto kusan daƙiƙa 40 ya gina waƙar a kai. Sautuka huɗun da ke yawo a cikinta an aro su daga "Mild und Leise", kiɗan kwamfuta da Paul Lansky ya yi a 1973. "Morning Bell" bugu biyar-biyar take.

Inda masoya suka fi rabuwa shi ne "Treefingers", waƙa ta biyar. Babu murya, babu ganga, sautin jitar Ed O'Brien, ɗan ƙungiyar, ne aka sarrafa har ba a gane jita ce. Wasu na tsallake ta. Amma wurinta yana da dalili: ita ce hutu tsakanin nauyin waƙa ta huɗu, "How to Disappear Completely", da "Optimistic", wadda jita ke dawowa cikinta da ƙarfi.

Karɓuwa da gardama

Ba a fitar da waƙa ko ɗaya ita kaɗai ba, ba a yi bidiyo ba, kuma faifan ya yoyo a Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta intanet a lokacin, makonni kafin ya shiga kasuwa. Duk da haka ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, kuma a Amurka kaɗai aka sayar da kwafi fiye da 207,000 a makon farko. Ya ci kyautar Grammy a 2001.

Masu sharhi dai ba su haɗa baki ba. Mark Beaumont na mujallar Melody Maker ya ba shi ɗaya da rabi cikin biyar. Marubuci Nick Hornby ya soke shi a New Yorker, yana ganin yana neman haƙuri da lokacin da mai sauraro magidanci ba shi da su. Brent DiCrescenzo na Pitchfork ya ba shi goma cikin goma. Masu kushe sun ce an ɓoye muryar Yorke, an kashe jita, an kwaikwayi makaɗan na'ura. Masu yabo sun lissafa waɗannan abubuwan su ma, sai dai a wurinsu ƙarfin hali ne. Zargin kwaikwayo yana da ƙamshin gaskiya, domin ƙungiyar ba ta ɓoye inda ta ɗebo ba. Zargin cewa babu waƙa a ciki shi ne mai rauni, tunda "Motion Picture Soundtrack" tsohuwar waƙa ce da Yorke ya rubuta tun kafin "Creep", waƙarsu ta 1992, tufafinta kawai aka canza zuwa ogan mai feda da sautin garayar Turawa.

Da shekarun 2000 zuwa 2009 suka ƙare, Rolling Stone da Pitchfork da jaridar The Times duk sun sa shi a kan gaba cikin faya-fayan wannan zamanin, kuma a jerin faya-fayai 500 na Rolling Stone na 2020 ya zo na 20.

Saura wata gardama da ba ta mutu ba. Daga zaman ɗaukar sauti ɗaya aka fitar da Amnesiac a Yunin 2001, har da wata "Morning Bell" da aka mayar bugu huɗu-huɗu. Masoya kan jera nasu zaɓin daga faya-fayan biyu su ce da haka aka fitar da ya fi. A Nuwamban 2021 ƙungiyar ta haɗa su a kunshi ɗaya mai suna Kid A Mnesia, da faifai na uku na sautukan da ba a taɓa fitarwa ba, amma ta bar jerin waƙoƙin kowanne yadda yake.