Shiga ba biza ba shiga ba takarda ba ne

Duk sanda aka kai hari a wani ƙauye na bakin iyaka, sai maganar ta dawo: wai yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ce ta buɗe ƙofa, kowa ya ga dama ya shigo Najeriya da bindigarsa. Har wasu na kiran a soke ta. Masu wannan kira galibi ba su san abin da ke cikinta ba.

A Dakar aka sa mata hannu a watan Mayun 1979, kuma 'yan ƙasashen ƙungiyar kaɗai ta shafa. Biza kawai ta ɗauke musu. Sashe na 3 ya ce dole matafiyi ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, ya kuma bi ta mashigar da hukuma ta sani, irin su Illela, Jibiya ko Seme. Kwana 90 aka ba shi. In zai wuce haka, sai ya nemi ƙari daga jami'an shige da fice.

Sashe na 4 shi ne wanda ba a cika ambata ba. Ya bar wa kowace ƙasa ikon ta hana duk wanda dokarta ta haramta wa shiga, ko da takardunsa sun cika. Wato jami'in da ke Jibiya yana da hurumin mayar da mutum inda ya fito. Ikon korar baƙo ma yana nan, rufe iyaka ma haka: Najeriya ta rufe iyakokinta na kan tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, hare-haren Zamfara da Katsina kuwa ba su tsaya ba.

To ta ina ɗan bindiga ke shigowa? Ba ya bin layi a buga masa hatimi. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, cike da ɓarauniyar hanya, kuma mai bin ta da makami ya karya doka, da yarjejeniya ko babu. In aka dawo da biza, mai fataucin dabbobi ne zai sha wahala, da tsohuwar da za ta Maraɗi gaisuwar rasuwa. A ganina wannan ba adalci ba ne.

Batun Nijar, Mali da Burkina Faso kuma: sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ECOWAS ta sanar cewa 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ba biza har sai an sake shawara.