Furen airis da bishiyar madaron: ku san garinsu kafin ku fidda kuɗi

Kwanakin baya wata Hajiya da ta gama ginin gida ta zo ofishinmu na malaman gona da hotuna biyu a waya. Ɗaya na wani ɗan fure ne mai ruwan shunayya da ya leƙo daga cikin dusar ƙanƙara, ɗayan kuma na wata bishiya mai jan jiki sumul kamar an shafe ta da man ja. Ta ce, "Malam, wanne ya fi dacewa da tsakar gidana? Ɗana zai yi mini odarsu ta intanet." Na ce, "Hajiya, ki bari mu fara sanin inda kowannensu ya fito." Tun da aka fara ganin irin waɗannan hotuna a Facebook tambayar ta yawaita, shi ya sa na ga gara a yi bayanin a fili.

Furen shi ne gajeren airis, wanda masana ke kira Iris reticulata. Sunan airis na Girkawan da ne, da shi suke kiran bakan gizo, saboda yawan launukan wannan dangi na furanni. Asalinsa duwatsun Turkiyya ne da yankin Kaukasus da arewacin Iraƙi da Iran. Tsawonsa idan ya yi fure bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba, wato bai kai taƙi ɗaya ba. Yana fitowa daga wata 'yar albasa mai riga kamar raga. A Turai ana binne ta a watan Satumba ko Oktoba, zurfin santimita 8 zuwa 10, ta kwana cikin sanyi har Fabrairu ko Maris, sannan furen ya fito tun sauran tsirrai ba su farka ba. Makonni kaɗan ya bushe. Ganyen ya ƙara tsawo, ya tara wa albasar abinci, shi ma ya kwanta. Sauran watannin shekara babu abin da za a gani a wurin sai ƙasa. Mai hoton ba ya faɗin wannan.

Bishiyar kuwa madaron ce, Arbutus menziesii, 'yar gaɓar tekun Fasifik, daga kudancin British Columbia a Kanada har zuwa Kalifoniya a Amurka. Wani limamin Kirista ɗan Sifaniya, Juan Crespí, da ya ratsa Kalifoniya a 1769 ya ga ta yi kama da bishiyar madroño ta ƙasarsu, wadda har yau take jikin tambarin birnin Madrid, sai sunan ya bi ta. Sunanta na masana kuma ya fito daga Archibald Menzies, likita ɗan Sikotland da ya gan ta a 1792 lokacin da yake cikin tawagar jirgin George Vancouver. Tana kai mita 10 zuwa 25, wani lokaci ta zarce. Ganyenta mai kauri ne da sheƙi, ba ta taɓa zama tsirara, har ma ita kaɗai ce bishiyar asalin Kanada mai faɗin ganye da ke riƙe ganyenta duk shekara. Idan zafi ya shigo sai jan ɓawonta ya riƙa saluɓewa kamar takarda, sabuwar fata koriya ta bayyana, a hankali ita ma ta rine. Tana yin fararen furanni ƙanana, daga baya jajayen 'ya'ya da tsuntsaye ke rububi.

To ka ga ba kwatancen tsara da tsara ba ne, tururuwa ce da raƙumi. Airis na wanda yake da tukunya ko bakin dakali ne, mai son ado na 'yan makonni da kuɗi kaɗan, idan ta mutu asarar ba ta da yawa. Madaron kuwa ta mai fili ce da haƙuri, wanda ya yarda jikokinsa ne za su sha inuwa sosai. Kuma tana da shara: tsohon ganye da ɓawo da 'ya'ya duk a ƙasa suke zuba, wanda ba ya son tsintsiya kada ya kai ta bakin ƙofa.

Ko a garinsu ma madaron ta yi suna wajen taurin kai. Ba ta son a taɓa mata saiwa. Masu renon itatuwa a can suna ba da shawarar a dasa ta tun tana ƙarama ƙwarai, ba ta kai kamu ɗaya ba, a inda za ta zauna har abada, domin babba idan aka ciro ta da wuya ta kama. Saiwarta tana zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wasu fumfuna na cikin ƙasa da ke taya ta jawo ruwa da abinci. Sannan cikin abubuwan da suka fi kashe ta a lambunan birane irin su Seattle ta Amurka akwai gata: a shuka ciyawar ado a gindinta, a yi ta ban ruwa lokacin zafi, sai ruɓar saiwa ta kama ta, ganye ya yi baƙi, reshe ya bi reshe.

Nan ne waɗannan biyu suka haɗu, kuma nan nake so a tsaya a duba da kyau. A garin madaron ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take. A garin airis ma dusar ƙanƙara ce ke rufe ta, ta narke ta sha, ta yi fure, sannan ta yi barci cikin busasshiyar ƙasa har zafi ya wuce. Mu kuwa namu a juye yake. Hunturunmu ba ɗigon ruwa, daminarmu kuma ga ruwa ga ɗumi, daga Yuni har Satumba. Wato daidai lokacin da albasar airis ke son bushewa, lokacin ne ruwan Agusta zai jiƙa ta ta ruɓe, kuma haɗuwar laima da zafi da ke kashe madaron a can bisa kuskuren mai lambu, a nan Allah ne ke saukar da ita kowace shekara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Taki ba ya gyara wannan, magani ma haka.

Akwai kuma maganar sanyi. Airis ba ta fure sai ta yi wajen makonni 12 cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba. Sanyin Kano ko Zinder na asuba ne, kafin azahar rana ta kore shi. Jos da Mambila sun fi mu sanyi, amma su ma ba sa riƙe irin wannan dare da rana na wata uku, ga kuma yawan ruwan damina. Wasu sukan ce a sa albasar a firji. A ƙa'ida yana yiwuwa a sami fure sau ɗaya, idan wuta ba ta yanke ba har wata uku, kowa kuma ya san amsar wannan. Abin da ya fi damuna ma ba asarar kuɗin ba ce. Albasar airis tana da guba, wanda ya ci zai yi amai da gudawa da ciwon ciki, ruwanta kuma yakan sa wasu ƙaiƙayi. Ajiye ta a firjin da ake ajiye kayan miya, a gidan da yara ke shiga su fita, ganganci ne. Awaki da kuliyoyi ma ba su tsira ba.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Ingila ko Jamus ko Kanada, ku maganarku daban ce. Airis za ta yi muku ko a tukunyar baranda: ku haɗa ƙasar da tsakuwa, ramin ƙasan tukunya ya zama a buɗe, kada ku yanke ganyen sai ya bushe da kansa, kuma ku kau da tukunyar daga ruwa lokacin zafi. Idan shekara ta zagayo kuka ga ganye babu fure, albasar ce ta rarrabu ƙanana, sai sun sake girma. Binne ta da ɗan zurfi yana rage hakan. Madaron kuwa, idan ba a gaɓar Fasifik kuke ba, kuma ba ku da gangare mai tsakuwa da rana, ku nemi 'yar'uwarta ta Bahar Rum, Arbutus unedo, ta fi ƙanƙanta, ta fi sauƙin hali.

Hajiya dai na tambaye ta abin da ya ja hankalinta a kowane hoto. Ta ce jikin bishiyar, da kuma ƙanƙantar furen. Na ce to ta duba jikin gwaiba da kyau: sumul yake, ruwan jan ƙarfe, yana saluɓewa kore ya fito, ga 'ya'ya na ci cikin 'yan shekaru. Idan inuwa mai ɗorewa take so, ga tsamiya, ga kanya, ga mangwaro, ga ɗurumi da ceɗiya, sai dai a nisanta waɗannan biyu na ƙarshe daga katanga da masai saboda saiwa. Fure kuwa, albasar kwaɗi da muke tsallakewa a fadama tana fidda manyan fararen furanni masu jan zane da farkon damina, ita ruwan ma shi ne abincinta. Kariya kuma tana yin fure ja tsakiyar rani, ba ta neman ban ruwa sosai. Su ma duka biyun suna da guba, a kai su inda hannun yaro ba ya isa.

Wanda duk da haka ya ƙuduri shigo da wani tsiro daga waje, ya sani a Najeriya sai da izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, domin albasa ɗaya ko ƙasar da ke maƙale a saiwa tana iya shigo da cutar da za ta faɗa wa gonakin mutane. Odar iri daga hoto kawai cinikin biri a sama ne. Ku nemi mai sayarwa ya rubuto cikakken sunan tsiron na masana, ku kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarku ya duba muku watannin ruwa da na sanyi na garin da ya fito kafin ku tura ko sisi.