An tafi da ɗanki, Mama? Ga abin da sashe na 35 ya ce

Lokacin dogon hutu za ka ga wasu ɗaliban shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, da takwarorinsu na Samaru masu karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, sun bazu ofisoshin lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam don sanin makamar aiki. Da yawa kan je da burin manyan shari'u. Abin da ke tarar su a bakin ƙofa kuwa shi ne maganar kame da tsarewa.

Mu ɗauka wata dattijuwa ta taso daga Tudun Wada, ta zauna a benci tana murza bakin mayafi. Yau kwana huɗu ɗanta na tsare a caji ofis. Wansa ake nema kan kuɗin masarar da ya karɓa bashi, da ba a same shi ba aka tafi da ƙanen. Ɗalibar da ke teburin gaba ta buɗe littafi ta ce, "Sannu Mama. Wace rana aka tafi da shi, kuma da ƙarfe nawa?" Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ranar Litinin ce, ana kiran Magariba."

Wannan amsa ita ce ginshiƙin maganar, domin doka lokaci take ƙirgawa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama bisa zargin laifi a kai shi kotu cikin lokacin da ya dace, bai kuma bar kowa ya fassara "lokacin da ya dace" yadda ya ga dama ba. Idan akwai kotun da za ta iya sauraron ƙarar a tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Zariya na da kotunan majistare, tana da Babbar Kotu, saboda haka lissafinmu a nan kwana ɗaya ne. Wanda ke son ci gaba da tsare mutum sai ya nemi izinin alƙali. Inda wannan wa'adi bai yi aiki ba shi ne zargin laifin da hukuncinsa kisa ne.

Sashen ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Dole ne kuma a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Mutumin da Hausa kaɗai yake ji, a karanto masa Turanci ya dangwala hannu, ba a cika wannan sharaɗi ba.

A labarin dattijuwar nan an taka doka sau uku. Bayan wuce wa'adi, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 a sashe na 36 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, uwa ce, mata ce ko ƙane. Sashe na 32 na wannan doka kuma ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. A ganina a nan namu laifin yake, don mu ne ke kai ƙarar bashi caji ofis muna cewa a ɗan matsa shi ya biya. Beli kuma ba saye ake yi ba.

To ina iyakar ɗalibi? Ba lauya ba ne tukuna. Sai ya gama digiri, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, an rantsar da shi, sannan zai tsaya wa wani a kotu. Kafin nan aikinsa sauraro ne da rubutu: ranar kame, inda aka tsare mutum, wanda ya gani da idonsa. Ya raka lauya caji ofis, ya tsara takardar rantsuwa lauya ya duba. Duk ɗalibin da ya karɓi kuɗinki da sunan zai fito miki da ɗa, ya wuce gona da iri.

Idan magana ba ta yi ba, sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya buɗe ƙofar Babbar Kotu. Ƙa'idojin ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda Alƙalin Alƙalai na lokacin, Idris Legbo Kutigi, ya sa wa hannu, sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, ko ɗan uwa ko ƙungiya. Ɗaliban Samaru su ma suna da abin faɗa a nan: Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda Najeriya ta mayar dokar gida a 1983, ana kafa hujja da ita a kotunanmu. Idan kotu ta tabbatar an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 ya ce a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.