Waiwaye: Riƙo a Ƙasar Sakkwato da Yadda Ake Raba Wa da Ƙane

A ƙasar Sakkwato da wuya ka shiga babban gida ka ƙirga yaran tsakar gida ba ka samu wanda ba a nan aka binne cibiyarsa ba. Wani ɗan fari ne da uwarsa ke jin kunyar ko kiran sunansa, aka miƙa wa kaka. Wata an kai ta yaye gidan goggo, zama ya yi daɗi, ba a sake maganar dawowa ba. Wani an ba wadda Allah bai ba haihuwa ba don ɗakinta kada ya zama kango, wani kuwa mutuwar aure ko mutuwar uba ce ta kawo shi. Duk wannan riƙo ne, kuma ba wanda ke ganinsa baƙon abu, domin da "ɗa na kowa ne" aka rene mu. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, kowane ɗan riƙo ya baro wasu a baya: wa, ya, ƙane ko ƙanwa da suka kwanta tabarma ɗaya.

Al'adar ta girmi birnin kansa. Malam Abdullahi na Gwandu ya faɗa da kansa cewa bayan ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara 13, mahaifinsu ya bar shi a hannun wansa Shehu Usmanu, kuma a nan ya yi yawancin karatunsa. Shehun shi ma ya zauna wurin 'yan'uwan iyayensa yana ɗaukar ilimi. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta rasa mahaifiyarta Maimuna tun tana ƙarama, matan Shehu suka rene ta, ciki har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Uba ɗaya suke da Bello, ɗaki daban, amma shaƙuwar da ke tsakaninsu ta shiga tarihi: ya riƙa jin shawararta yana Sarkin Musulmi, da ya rasu a 1837 kuma ta yi masa marsiyya. A duk waɗannan misalan riƙo bai fitar da yaro daga cikin 'yan'uwansa ba. Ƙara cusa shi ciki ya yi.

Jihadin da aka soma a 1804 ya bar marayu da yawa. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai, a ƙarshen wannan shekarar, tarihin jihadi ya kawo cewa jama'ar Shehu sun rasa mutum kusan 2,000, ciki har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200, ga yunwa da cuta da suka biyo baya. Babu gidan marayu a lokacin. Dangi ne suka kwashe yaran, zawarawa suka yi aure cikin jama'a, kuma da aka kafa Sakkwato a 1809 da waɗannan yaran aka cika unguwanninta.

Shari'a ta shata wa riƙo iyaka tun farko. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzabi sun hana mutum ya mayar da ɗan wani nasa, aka ce a kira kowa da sunan ubansa, shi ya sa Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana ce masa ɗan Muhammadu. Saboda haka ɗan riƙo ba ya sauya nasaba, ba ya gadon mai riƙonsa saboda riƙon, sai dai a yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, gadonsa na wurin ubansa tare da 'yan'uwansa na jini. Nono ne kaɗai ke ƙulla sabuwar 'yan'uwantaka, kuma a mazhabar Malikiyya ko tsotso ɗaya ne cikin shekara biyun farko ya haramta aure. In ba a sha nono ba, yaron da ya tashi gidan goggonsa da 'yarta taubasai ne, gobe ana iya ɗaura musu aure. Wannan ne ya sa da ya fara tasawa ake fitar da shi zaure ko shago, a nan yake fara gane cewa matsayinsa a gidan ba ɗaya ba ne da na sauran.

Akwai wurin da fiƙihu da al'adarmu suka raba hanya, kuma a ganina a nan matsalar 'yan'uwa ta samo tushe. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da kowane ɗalibin zaure ya karanta, ta ce reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare gidan miji. In uwa ta rasu ko ta auri wani, reno ya koma ga kakar wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Da an bi wannan jeri, 'yan ɗaki ɗaya za su tafi hannu ɗaya. Al'ada kuwa cewa take 'ya'ya na dangin uba ne, da an yaye yaro a maido musu abinsu. Sannan a Malikiyya ciyarwa ta wajaba a kan uba ne kawai, ba a kan baffa ko kawu ko wa ba. Marayan da bai gaji komai ba haƙƙinsa na baitulmali. Inda baitulmali ba ya aiki, nauyin sai ya faɗa kan tausayin dangi, su kuma kowa ya ɗauki abin da zai iya: wannan ɗaya, wancan biyu.

Ba za a ce addini bai kula da wannan ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Ali yara biyu bayi 'yan'uwan juna, ya sayar da ɗaya, Annabi ya ce masa ya maido shi, ya maimaita. Ya kuma ruwaito gargaɗin da aka yi wa wanda ya raba uwa da ɗanta, cewa Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. A kan bayi aka faɗi wannan, a zamanin da ake sayar da mutum a kasuwa. Masu wa'azinmu sun fi kawo hadisin mai riƙon maraya da yatsu biyu, kuma ya cancanta, amma da wuya ka ji an karanto na yaran nan biyu a zauren da ake rabon marayu.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Dokarsu ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba. Yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi ba a san garuruwansu ba, sai aka buɗe musu gida a Zungeru da wani a Barno, daga baya a 1909 aka miƙa na Zungeru ga 'yan mishan a Rumasha, wasu kuma aka rarraba su gidajen mutane a matsayin amana. Wannan ne farkon tara yara a hannun hukuma a Arewa, kuma tun daga nan mutanenmu suka ɗauki irin wannan gida na marar asali ne, ga tsoron a sauya wa yaro addini. Dokar yara da matasa ta 1943 ta iso Jihar Arewa a 1958, amma hankalinta ya fi karkata ga yaran da suka yi laifi. Gabas ta yi dokar mayar da ɗan wani naka a 1965, Legas a 1968, Arewa ba ta bi su ba saboda hukuncin da aka ambata. Riƙo ya ci gaba yadda yake, da baki, a zaure, ba takarda ba alƙali.

Ya kuma yi aiki, don akwai abin da ke tsare shi wanda ba a rubuta ko'ina ba, wato kusanci. Gidan baffa sashe ne cikin gandu ɗaya, gidan goggo na bayan masallaci, gidan kaka ƙauyen da ake zuwa a ƙasa a dawo kafin azahar. Yarinya na kwana ɗakin goggo amma da yayarta suke zuwa rijiya, da ƙanenta suke makarantar allo ɗaya. In an cuce ta, kafin magariba labari ya kai. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuma na kaiwa.

Farin 1973 da yunwar 1984 sun watsa gidaje, gandu ya fara rushewa, cin rani ya zama zaman dindindin, kuɗin man fetur suka ja mutane birni. Bayan ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976 ma'aikata suka yawaita, sai riƙo ya samu sabuwar fuska: a ɗauko yarinya daga ƙauye "ta taya aiki, a sa ta makaranta". Wasu an sa su, sun zama malaman asibiti da na makaranta, suna yi wa iyayen riƙonsu addu'a har gobe. Wasu kuwa tsakanin riƙo da aikatau sai suna. Namiji a ba malam ya tafi gabas da shi. Makarantar almajirai ta zamani da Shugaba Jonathan ya buɗe a Gagi a 2012 amsa ce ga wannan, haka ma kwashe almajirai zuwa jihohinsu da gwamnonin Arewa suka yi lokacin korona a 2020, inda yara suka koma gida suka tarar da ƙannen da ba su san su ba.

A takarda an samu ci gaba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, da sunanta. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta tsara riƙo ta hannun kotu. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2009 sun ce kada a raba 'yan'uwan da suka saba da juna sai da dalili mai ƙarfi, in an raba su kuma a tabbatar suna ganawa. Sakkwato ta yi tata dokar kare yara, gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa mata hannu a ƙarshen 2021. Sai dai yaran da ke bi ta kotu ko gidan marayu 'yan kaɗan ne, galibi waɗanda aka tsinta. Mafi yawa a zauren gidan rasuwa ake yanke makomarsu.

Wanda ya taɓa zama irin wannan zauren ranar addu'ar arba'in ya san yadda ake yi. An gama raba waina da goro, baƙi sun watse, sai 'yan gida. Babban wan mamaci ya yi gyaran murya ya ce, "To jama'a, ɗiyan ga fa amana ce, ni ka riƙon babban, shi taya ni kasuwa." Goggo ta aiko daga cikin gida, "Yaya, a bar min takwarata." Kawu ya ce malaminsu na nan, zai kai na ukun. Uwar na takaba, ta san in ta fita gidan ubanta za ta koma, wanda zai aure ta kuma da ƙyar ya karɓi na goye a matsayin agola, sai ta ce duk yadda aka yi daidai ne. Na ji wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba ta tambaya a irin wannan ranar, tana ɗaure kayanta a ɗankwali, "Goggo, da ƙanena za mu?" Aka ce mata, "A'a ɗiyata, shi yana wurin Baffa, ai da Sallah kuna haɗuwa." Ita ke yi masa wanka tun yana rarrafe. Babu mugu ko ɗaya a zauren nan, kowa alheri ya nufa, kuma kowa na da nasa bakunan da yake ciyarwa. Amma ba wanda ya tambayi yaran.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne ta'addancin 'yan bindiga a gabashin jihar. Tun harin yankin Gandi a ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018, zuwa kisan fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a Mayun 2020, zuwa na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, an kashe magidanta a rana ɗaya, wa da ƙane tare. Waɗanda al'ada ta tanada su ɗauki marayu su ma suna cikin kabari ko gudun hijira. Dubun dubatar mutane sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi a Nijar tun 2019. Yanzu ɗaki ɗaya kan kasu uku: uwa da na goye a Maraɗi, yarinya a wata unguwa cikin birnin Sakkwato, yaro a tsangaya a Kano. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, a Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Sallar da aka yi wa yarinya alkawari kan zo ta wuce sau da yawa.

Idan an haɗu kuma sai ka ga abin tausayi. Wadda ta tashi birni tana sakandare, ƙanenta ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar baƙuwa, ita ta rasa abin cewa bayan "ina gajiya". Shi yana ganin an zaɓe ta an bar shi, ita tana ganin shi ya fi kusa da Inna. Shekaru kaɗan gaba za a kira su rabon gonar ubansu, ko a ce shi ne waliyyinta, alhali bai san ko wane irin zama take yi ba. 'Yan ubanci da muka saba dangantawa da kishin ɗakuna, yanzu ana samunsa tsakanin 'yan ciki ɗaya.

Ba riƙo nake ƙi ba, domin in ba shi da titunan Sakkwato sun fi haka cika da yara. Abin da ya ɓace kusancin nan ne da ke haɗa yaran ba tare da kowa ya shirya ba, kuma yanzu sai an shirya shi da gangan. Liman ko mai unguwa da ke zauren rabo na iya cewa a tafi da su bibbiyu, kada a raba ƙarami da yayar da ta goya shi, a tsayar da wanda zai riƙa kai su ga juna da kuɗin motar. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar, wadda dama tana tallafa wa marayu, da attajiran da ke ɗinka musu kayan Sallah, za su fi taimakawa in suka ciyar da ɗaki guda a hannun uwa ko kaka, domin yawancin uwayen da suka ce "duk yadda aka yi daidai ne" hatsin da za su riƙe yaransu ne ba su da shi. Alƙalan kotunan shari'a kuma, in maganar reno ta zo gabansu, jerin Risala na nan: uwa, kaka, sannan 'yar'uwar uwa.