Matsalolin harsashin sake ɗuri a bindigar Lee-Enfield

Lee-Enfield bindiga ce mai sakata wadda sojojin Birtaniya suka fara riƙewa a 1895, tana cin harsashi goma samfurin .303, kuma da ita dakarun Afirka ta Yamma, ciki har da 'yan Arewa da yawa, suka yi yaƙin Bama (Burma) a lokacin yaƙin duniya na biyu. Da aka daina yayinta, an sayar wa farar hula da rararta a Amurka da Kanada da Ostireliya, inda wasu maharba ke tattara kwanson da aka harba su sake ɗura masa albarushi da ƙyastu (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushin) da sabon kai. Yawancin matsalolin irin wannan harsashi daga ƙirar bindigar suke tasowa, domin an yi ta ne don sojan da zai harba ya yar da kwanso.

Babbar matsalar ita ce tsinkewar gindin kwanso. An yalwata mazaunin harsashi da gangan domin bindigar ta ci gaba da aiki cikin laka da yashi, sannan haƙoran da ke kulle sakata a baya suke, saboda haka tagullar kwanso takan miƙe a duk harbi. Idan aka matse kwanson aka mayar da shi girmansa na asali sau da yawa, sai ya sirance a kusa da gindi, wani zobe mai sheƙi ya bayyana, daga nan ya rabu biyu, iska mai zafi ta yi wa maharbi feshi a fuska. Kwanson da ya nuna wannan zobe ya gama aiki. A samfurin No. 4 akwai kawunan sakata masu lamba 0 zuwa 3, waɗanda ƙwararren maƙeri ke musanyawa bayan ya auna ratar da ke tsakanin sakata da gindin harsashi, ko da yake hakan ba ya rage faɗin mazaunin.

Sai kuma lalacewar bututu. Harsashin Mark VII na 1910 da wani irin albarushi mai suna kodayit aka ɗura shi, wanda zafinsa ke cinye maƙogwaron bututu, ƙyastunsa kuwa yana barin gishirin da ke jawo tsatsa, shi ya sa sojoji ke wanke bututun da tafasasshen ruwa. Bututun da ya zaizaye ba ya juya harsashi yadda ya kamata, sai ya isa wurin bara a karkace. Kwanson soja kansa, mai ƙyastu irin na Berdan da ke da wuyar cirewa, ba shi da daɗin sake ɗuri.

Idan an ja kunama ba ta tashi ba, ana barin bakin bindiga yana kallon inda babu kowa na wajen minti ɗaya, don tsohon ƙyastu kan yi jinkirin kamawa. Ƙara mai rauni kuwa alama ce ta cewa wataƙila kan harsashi ya maƙale a bututu, kuma harbi na biyu zai iya fasa bututun.

A Najeriya wannan aiki ba na gida ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai .303 cikin haramtattun makamai, ta kuma hana ɗaiɗaikun mutane ƙera harsashi. Wasu daga cikin harsasan jami'an tsaro ana yin su a masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, DICON, da aka kafa a 1964 a Kakuri, Kaduna.