Saitokin masu tayar da kumburi na shanu da ake sarrafawa domin bincike

Saitokin ƙananan furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su. A cikin masu tayar da kumburi a jikin shanu, waɗanda aka fi aiki da su su ne IL-1β, IL-6, TNF-α, IL-8 da IFN-γ. Saitokin da ke cikin jinin saniya bai kai yawan da za a tace shi ba, shi ya sa ake ɗauko ƙwayar gadon furotin ɗin a dasa ta cikin bakteriyar E. coli, ko yis, ko ƙwayoyin dabba da ake reno a kwalba, su riƙa samar da shi.

Da su ake nazarin ciwon hantsa, kumburin mahaifa bayan haihuwa da cututtukan huhu. Su ne kuma ma'auni a gwajin ELISA, wato gwajin auna yawan wani furotin a samfuri, kamar na IFN-γ da ake gano tarin fuka na shanu da shi. Saitokin na mutum ko na ɓera ba kullum yake kama ƙwayoyin saniya yadda ya kamata ba. Ɓera ma ba shi da IL-8 sam.

E. coli ta fi arha da yawan samarwa, amma tana da matsala biyu. Sau da yawa furotin yakan dunƙule a cikinta, sai an narkar da shi da sinadarin yuriya an sake naɗe shi. Babbar matsalar ita ce dafin bangon bakteriyar, wato LPS, wanda shi kansa yana tayar da kumburi. Ko kaɗan ne ya rage, mai bincike zai ɗauka aikin saitokin yake gani. Ana auna dafin da wani gwaji mai suna LAL, kuma galibi ana neman ƙasa da EU 1 (EU shi ne ma'aunin dafin) a kowane maikrogiram. Akwai dabara mai sauƙi: a tafasa wani kaso na samfurin. Zafi yana kashe aikin furotin, amma LPS ya fi jure shi sosai, saboda haka idan tasirin bai gushe ba, gurɓata ce.

Yawanci saitokin da aka sarrafa yana zuwa a busasshe cikin ƴar kwalba. A juya ta a injin sentirifuj, mai juyawa da sauri don abu ya sauka ƙasa, kafin buɗewa, don garin yakan maƙale a murfi. A narkar da shi da ruwan PBS mai tsabta (ruwan gishiri mai fosfet), kimanin maikrogiram 100 a mililita, a hankali ba tare da jijjigawa ba. Ana ƙara BSA, wani furotin na jinin shanu, kashi 0.1 cikin ɗari don kada furotin ya manne wa roba ya ɓace. Daga nan a raba shi ƙanana-ƙanana a ajiye a sanyin digiri -20 ko -80 na ma'aunin Selsiyos, domin daskarewa da narkewa akai-akai suna raunana shi. A kan ƙwayoyi, nanogiram 1 zuwa 100 a mililita ya wadatar a yawancin gwaje-gwaje.